Kafin Ka Rubuta "Allah Ya Jiƙansa": Yadda Labarin Rasuwar Ƙarya Ke Yaɗuwa Da Yadda Ake Gane Shi

Saƙon kusan kullum kamarsa ɗaya ce. Hoton wani ɗan fim ko mawaƙi an mayar da shi fari da baƙi, a sama an rubuta "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un", a ƙasa kuma "Allah ya yi wa wane rasuwa yanzu-yanzu". Babu inda ya rasu, babu wanda ya sanar, babu lokacin jana'iza. Yawanci cikin dare ko da asuba ake sakinsa, lokacin da mutumin da iyalinsa ke barci. Kafin gari ya waye ya zaga zaurukan WhatsApp na dangi da na tsofaffin ɗalibai da na 'yan kasuwa, an jera masa addu'o'i a Facebook, wani ya ɗora hoton a TikTok da sautin ban tausayi. Da hantsi sai ga mutumin a bidiyo yana cewa yana nan da ransa. A wannan tsakanin mahaifiyarsa ta sha kira, matarsa ta sha kira, wataƙila wani ɗan uwa ya riga ya hau mota daga wani gari yana kuka.

Abin ya girmi wayar hannu. A watan Nuwamban 1989 kafafen labarai a Najeriya sun ba da labarin rasuwar Dakta Nnamdi Azikiwe alhali yana raye, bai rasu ba sai ranar 11 ga Mayun 1996. Lokacin da marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa ke jinya a Jidda daga ƙarshen Nuwamban 2009, raɗe-raɗi ya yi ƙarfi har sai da aka ji muryarsa ta wayar tarho a BBC a watan Janairun 2010. Rasuwarsa ta zo ne ranar 5 ga Mayun shekarar. A 2017 da Muhammadu Buhari ya daɗe yana jinya a Landan an sha cewa ya rasu, daga nan aka ƙirƙiro zancen wai wani "Jubril daga Sudan" ne ke zaune a kujerarsa, har ta kai a watan Disambar 2018 a ƙasar Foland ya fito da bakinsa ya ce shi ne. Na 'Yar'aduwa da na Buhari suna da tushe ɗaya, wato mutum ya ɓace daga idon jama'a, waɗanda suka san halin da yake ciki kuma suka yi shiru. Abin da waya ta ƙara shi ne sauri, da kuma riba ga mai ƙirƙirar labarin.

Akwai dalilin da ya sa labarin mutuwa ya fi kowane labari gudu a tsakaninmu, kuma dalilin daga kyakkyawar ɗabi'a ya samo asali. Bahaushe ba ya jin rasuwa ya wuce bai yi addu'a ba, kuma yana ganin sanar da mutane rasuwa hakki ne, don su samu jana'iza ko su je gaisuwa. Sannan akwai nauyin baki. Idan yayan mahaifinka ne ya turo saƙon cikin zauren dangi, da wuya ka ce "Baba, daga ina aka samo wannan?" Tambayar sai ta yi kama da rashin ladabi a kan gawa. Don haka kowa sai ya rubuta "Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta" ya tura gaba.

A nan ne na'ura ke shigowa. Tsarin da ke zaɓar abin da zai bayyana a gaban mutane a Facebook da TikTok bai san addu'a ba, bai san zagi ba. Abin da yake ƙirgawa shi ne mutum nawa suka tsaya a kan rubutu, nawa suka yi tsokaci, nawa suka yaɗa, kuma cikin wane ɗan lokaci. Rubutun da ya tara tsokaci da yawa cikin sa'ar farko sai a ɗauke shi mai jan hankali, a ƙara nuna shi ga wasu. Ma'ana, kowace "Allah ya jiƙansa" da aka rubuta da zuciya ɗaya ƙarƙashin labarin ƙarya tana ƙara masa nisan tafiya. Hatta wanda ya shiga ya rubuta "wannan ƙarya ce" ya ƙara wa lissafin ɗaya.

Masu ƙirƙirar labarin ba duka manufarsu ɗaya ba. Kaso mafi girma neman mabiya suke. Shafi mai mabiya da yawa kadara ce, ana sayar da shi, ana karɓar talla a kansa. YouTube na fara biyan kuɗin talla ne idan tasha ta kai masu bibiya 1,000 da sa'o'in kallo 4,000 cikin shekara guda, kuma tun 2024 Meta, kamfanin da ya mallaki Facebook, ta buɗe wa masu shafuka a Najeriya da Ghana ƙofar samun kuɗi daga tallan da ke fita cikin bidiyonsu. Wanda ke son cike waɗannan sharuɗɗa da gaggawa ya san babu kanun da ke jawo dannawa kamar "rasuwar fitaccen jarumi". Sau da yawa idan ka buɗe bidiyon za ka tarar wani daban ake nufi, ko kuma mutuwar cikin fim ce.

Kaso na biyu ɓarayi ne, kuma su suka fi haɗari. Suna haɗa labarin da adireshin intanet, su ce "danna nan ka ga bidiyon hatsarin" ko "ka ga yadda aka yi jana'iza". Idan ka danna sai wani shafi ya buɗe mai kama da na shiga Facebook, ya nemi lambar wayarka da kalmar sirri. Da ka rubuta, asusunka ya tafi, kuma da sunanka za a ci gaba da tura wa abokanka saƙon. Wasu kuma lambar asusun banki suke maƙalawa da sunan tallafa wa marayun mamacin. Akwai kuma kaso na uku da ba su da mugun nufi sam: mutum ya ga hoton ɗan wasa kwance cikin likkafani ko a makara, wanda aka ɗauka a wurin shirya fim, ko ya ji rasuwar wani mai suna iri ɗaya da na jarumin, sai ya yi gaba da labari. Sunaye irin su Sani, Adamu, Maryam da Hadiza sun yi yawa a masana'antar da har laƙabi kaɗai ke raba su, kuma laƙabin shi ke faɗuwa a hanya yayin da labari ke sauya hannu.

To yaya ake tantancewa? Ma'aunin da ya fi kowane ƙarfi a ƙasar Hausa ba ya buƙatar wata manhaja. Musulmi ba ya kwana da gawa sai da larura, don haka sanarwar rasuwa ta gaskiya kusan kullum tana zuwa da wuri da lokaci: za a yi jana'iza bayan sallar azahar a ƙofar gidansa da ke unguwa kaza, ko a masallaci kaza da ƙarfe huɗu. Amfanin sanarwar ke nan tun asali, a kira mutane salla. Sarkin Kano Ado Bayero ya rasu ranar Juma'a 6 ga Yunin 2014, a ranar aka yi masa sutura. Saratu Giɗaɗo, wadda aka fi sani da Daso, ta rasu ranar 9 ga Afrilun 2024 a ƙarshen azumi, kuma cikin sa'o'i kaɗan abokan aikinta da kafafen labarai sun tabbatar. Idan aka ce sanannen mutum ya rasu a Kano ko Kaduna ko Jos da asuba, har la'asar ta yi babu lokacin jana'iza, babu hoton sahun salla, babu wanda ya ce daga maƙabarta yake, to labarin nan ba shi da ƙafa. Mai ƙirƙirar ƙarya yana guje wa ambaton unguwa da lokaci ne saboda su ne abin da mutane za su iya zuwa su gani da ido.

Wannan ma'auni yana da iyaka, kuma ya kamata a san ta. Wanda ya rasu a ƙasar waje jana'izarsa na jinkiri. Buhari ya rasu a Landan ranar 13 ga Yulin 2025, sai ranar 15 aka binne shi a Daura. Alhaji Aminu Ɗantata ya rasu a Abu Dhabi a ƙarshen Yunin 2025, aka yi kwanaki kafin a binne shi a Madina. Haka nan idan Kirista ne, jana'iza na iya ɗaukar makonni. Amma a duk waɗannan akwai wani abu da ya maye gurbin lokacin jana'iza, wato mutum mai suna da matsayi da ya ɗauki nauyin sanarwar: ɗa, ƙani, sakatare ko kakaki. Saboda haka tambaya ta biyu ita ce, wa ya faɗa? "Majiya mai tushe" ba suna ba ne. "Wani na kusa da iyalin" ma ba suna ba ne.

Daga nan sai a duba shafin mutumin da na abokan sana'arsa. 'Yan Kannywood kan yi saurin wallafa ta'aziyya a Instagram da Facebook idan nasu ya rasu, ƙungiyarsu ta MOPPAN ma kan yi magana. Idan manyan masana'antar suna ta ɗora tallan sabon shiri kamar babu abin da ya faru, wannan shirun amsa ce. Sai dai a lura da tarko guda: ɗan wasa ma mutum ne, yana iya ganin labarin a zaure ya ɗora ba tare da ya bincika ba. Ta'aziyya ɗaya ba hujja ba ce. Wadda ake nema ita ce mai ɗauke da bayanin da babu shi a saƙon farko, kamar asibitin da aka kwantar da shi ko inda ake zaman makoki. Idan mutum goma sun ɗora hoto ɗaya da jimla ɗaya har da kuskuren rubutu ɗaya, majiya ɗaya ce aka kwafa sau goma.

Shuɗiyar alamar tantance mai shafi da ke gefen suna ma ta rage daraja. Tun ƙarshen 2022 ake sayenta a Twitter, wanda ya koma X, Meta ma ta fara sayar da tata a 2023. Abin da ya fi ta amfani shi ne tarihin shafin. A Facebook, cikin bayanan kowane shafi akwai sashen da ke nuna ranar da aka buɗe shi da sunayen da ya taɓa amfani da su. Shafin da ke kiran kansa gidan jarida amma makonni uku da buɗewa, ko wanda a bara sunansa na sayar da atamfa ne, ba wurin karɓar labarin mutuwa ba ne.

Hoton fuskar waya da ke nuna tambarin BBC Hausa ko Aminiya ko Freedom Radio shi ne ya fi ruɗar mutane, saboda tambarin na sa a sassauta. Haɗa irin wannan hoto aikin minti biyar ne ga duk mai manhajar gyaran hoto. Maganinsa shi ne kada a karɓi hoton labari a madadin labarin. A buɗe shafin gidan jaridar da kai, a duba. Rasuwar sanannen mutum ba labarin da za su ɓoye a lungu ba ne, a sama za ka gan shi. Idan adireshi aka turo, a karanta shi harafi-harafi kafin a danna, domin masu damfara kan ƙara harafi ɗaya ko su sauya ƙarshensa. Kuma duk shafin da ya ce sai ka sake shigar da kalmar sirrinka kafin ka kalli bidiyo, a rufe shi nan take.

Shi kansa hoton ana iya bin sawunsa. A ajiye shi a waya, a buɗe manhajar Google, a taɓa alamar kyamara da ke cikin akwatin bincike, a zaɓi hoton. Google Lens zai fito da wuraren da hoton ya taɓa bayyana. Abin dubawa shi ne kwanan wata mafi tsufa. Sau da yawa motar da aka ce ta jarumin ce ta yi hatsari jiya, hotonta na intanet shekaru, wani lokaci ma daga wata ƙasa. Idan bidiyo ne, a tsayar da shi a wurare uku ko huɗu, a ɗauki hoton kowane, a bincika su ɗaya-ɗaya, sannan a lura da lambar mota, rubutun shaguna, kayan jami'an tsaro da yanayin gari. Bidiyon da ciyawa ta yi kore shar ba zai zama na jiya ba idan ana tsakiyar hunturu a Katsina. Wannan bincike na iya gazawa idan an juya hoton, an yanke gefensa ko an lulluɓe shi da rubutu, don haka rashin samun sakamako ba ya nufin hoton sabo ne. Hotunan da ake haɗawa da ƙirƙirarriyar basira ma ba su da tsohon tarihi da za a gano. A kansu sai a koma ga tambayoyin farko, wa ya sanar, ina jana'iza.

WhatsApp da kansa yana ba da ishara da mutane ba su cika kula da ita ba. Saƙon da aka turo daga wani wuri yana ɗauke da ƙaramar kibiya a samansa. Idan kibiya biyu ce, saƙon ya ratsa hannu aƙalla sau biyar. Kamfanin ya taƙaita tura saƙo zuwa wurare biyar a lokaci guda a 2019, a watan Afrilun 2020 kuma ya mayar da mai kibiya biyu zuwa wuri ɗaya tak. Kibiya biyu ba ta nufin ƙarya, tana nufin wanda ya turo maka bai san wanda ya fara rubutawa ba. Saƙon murya ya fi wuyar bincike, don ba shi da kwanan wata a jikinsa. Muryar da ke cewa "yanzun nan muka fito daga asibiti" za ta ci gaba da cewa "yanzun nan" ko bayan shekara uku. Haka tsofaffin sanarwar gaskiya ke dawowa: Rabilu Musa Ibro ya rasu ne a watan Disambar 2014, Ahmad S. Nuhu a farkon Janairun 2007, amma idan aka sake ɗora hoto don tunawa ba tare da shekara ba, sai wanda bai sani ba ya ɗauka sabon rashi ne.

Akwai yanayin da ya fi ƙarya zafi, wato labarin ya zama gaskiya amma ya riga iyali. Lokacin da ɗan ƙwallon kwandon Amurka Kobe Bryant ya mutu a hatsarin jirgi mai saukar ungulu ranar 26 ga Janairun 2020, labarin ya fita a intanet kafin hukuma ta sanar da iyalan waɗanda ke cikin jirgin, har jami'an yankin suka fito suka yi tir. A al'adarmu akwai yadda ake faɗar mutuwa: a nemi dattijo, a je gida, a zaunar da mutum, a fara da cewa jikin wane ya yi tsanani. Wanda ya ɗauki hoton gawa a bakin titi ya ɗora ya rushe duk wannan. A ganina wannan laifin bai gaza na mai ƙirƙirar ƙarya ba, domin uwa ba ta cancanci ta gane rigar ɗanta a hoton da ke yawo ba. Sa'o'in farko kuma su ne mafi ruɗani ko ga na kusa. A hatsarin jirgin ruwan da ya rutsa da ɗan wasan Nollywood Junior Pope a watan Afrilun 2024, an fara cewa ya mutu, aka dawo aka ce ya farfaɗo, kafin daga bisani a tabbatar da mutuwarsa, duk cikin yini guda. Wanda ya yi haƙurin sa'o'i kaɗan bai yaɗa ko ɗaya daga cikin kurakuran ba.

Idan mawaƙi ne ya rasu, sai wata kasuwa ta buɗe. Jama'a kan koma sauraron waƙoƙinsa, kamar yadda aka gani bayan mutuwar mawaƙin Legas Mohbad a watan Satumbar 2023, inda mutane da yawa suka fara saninsa a lokacin. Masu shafuka sun san haka, sai su ɗauko tsohuwar waƙa su laƙaba mata "waƙarsa ta ƙarshe", ko su zaɓi baitin da ya ambaci kabari su ce ya hango ajalinsa, alhali ambaton mutuwa tsohon jigo ne a waƙar Hausa tun zamanin su Mamman Shata da Ɗan Maraya Jos. Hanyar ganewa ita ce a rubuta wani baiti daga cikin waƙar a akwatin bincike na YouTube ko Audiomack, a duba ranar da aka fara ɗora ta. Shazam, manhajar gano waƙa daga sautinta, na taimakawa idan waƙar ta shiga manyan rumbunan sauraro, amma waƙoƙin Hausa da yawa, musamman na biki da na siyasa da ake turawa daga waya zuwa waya, ba su cikin rumbunsa. Wanda ke son iyalin mamaci su amfana kuwa, gara ya saurara a tashar mawaƙin ta asali, don kuɗin kallo a shafin mai kwafa aljihun mai kwafa yake shiga.

Batun gudummawa na buƙatar tsauri. Kafin a tura ko sisi, a dubi sunan da manhajar banki ta nuna bayan an shigar da lambar asusu. Idan ba sunan matar mamacin ko ɗansa ko wata sananniyar ƙungiya ba ne, a dakata har sai wani ɗan gidan ya fito a bidiyo ya ambaci lambar da bakinsa.

Wanda ya riga ya tura labari sannan ya gano ƙarya ce, gogewa kaɗai ba ta wadatar ba, don waɗanda suka gani sun gani. Sai ya koma kowane zaure da ya tura, ya rubuta a fili cewa labarin ba gaskiya ba ne, ya haɗa da bidiyon da mutumin ya ƙaryata ko rahoton masu bin diddigi irin su Dubawa. A Facebook da TikTok, kai ƙarar rubutun ta hanyar da manhajar ta tanada ya fi yin gardama a ƙarƙashinsa. Idan kuma an danna adireshin har an shigar da kalmar sirri, a canza ta a take, a fitar da duk na'urorin da ba a sani ba daga asusun, a kunna tabbatarwa mai mataki biyu. A WhatsApp wannan lamba ce mai alƙaluma shida da kai za ka zaɓa, daban da wadda ake turo maka ta saƙon tes, kuma duka biyun ba a karanta wa kowa su a waya.

Shugabannin zauruka suna da ikon da ba su cika amfani da shi ba. WhatsApp ya ba su damar goge saƙon kowa ya ɓace wa duk 'yan zaure, da kuma kulle zaure na ɗan lokaci ta yadda su kaɗai ke iya rubutu. Ƙa'ida ɗaya a rubuce a bayanin zaure tana rage matsalar ƙwarai: ba a sanar da rasuwa sai da sunan wanda ya tabbatar, da wuri da lokacin jana'iza. Da zarar ta zama dokar kowa, ƙaramin yaro ma zai iya cewa "Kawu, a ina za a yi sallar?" ba tare da an ce ya yi wa babba rashin kunya ba.